Wa Zai Kira Kiniyas?

Daga Mikiyon, ɗan wasa a birnin Atina, zuwa ga yayarsa Hedista a tsibirin Sikiros. Lokacin tsinkar inabi.

Yaya, gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da awakinki, kuma tarin nan da ya maƙale miki tun bara ya sake ki. Ni ƙalau nake, ban da gwiwata da ke min tsiya duk sanda hadari ya haɗu. Na ba matuƙin jirgi tulun zuma da busasshen ɓaure ya kawo miki. In tulun ya iso rabi, kin san cikin da rabin ya shiga.

To ga labari, ki zauna tukuna. An zaɓe ni! A babban bikin allan inabi mai zuwa bayan sanyi, ni ne jagaban 'yan wasa a wasan kuka na marubuci Sotimos. Shekara da shekaru ina fitowa a bawa, a ɗan aike, a tsohon mai gadi, yau ga ni sarauniya. Sarauniya guda, Yaya! Har an auna kaina ana haɗa fuskar da zan sa: fara fat, gashi har kafaɗa, baki a buɗe.

Sarauniyar, ɗanta ne ya tafi yaƙi teku ta cinye shi, ko gawa ba a samu ba. Na san kin gane inda na dosa.

Sotimos ya rubuta mata waƙar makoki, kalmomi manya-manya, kowace a wanke a goge. Na rera a gaban 'yan amshi, ina ɗagowa na ga ɗaya yana hamma, ɗaya yana sosa ƙafa. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa shiga ɗakin makoki ba, maza a waje suke tsayawa. Ni kuwa na shiga. Ranar da aka shimfiɗa gadon ɗanki Kiniyas ba kowa a kai, ina bakin ƙofa na ji abin da ya fito daga bakinki. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Na kuma ga yadda masu sa ido kan mata suka tare ƙofar suka ce doka ta hana mace fita titi da waƙar makoki, ki yi naki a ɗaki. Kika yi a ɗaki, bango ne kawai ya ji, sai mu 'yan kaɗan.

Ki ba ni waƙar nan, Yaya. Ki rubuto min kalmomin, da yadda kike yanke numfashi. Abin da aka hana titin Sikiros ji, Atina kaf za ta ji shi. Na kasa zaune na kasa tsaye, ki amsa da jirgin farko. Alloli su tsare ki.

Daga Hedista zuwa ga ƙanenta Mikiyon.

Auta, na gaishe ka. Tari yana nan, mun saba da juna. Awaki lafiya, baƙar ta haifi biyu. Zuma ta iso, rabi, kamar yadda ka faɗa.

Sarauniya! Na yi dariya har maƙwabciyata Filista ta leƙo ta ga ko na zautu. Kai da gemun nan kamar tsintsiyar shara? Amma dai ban yi mamaki ba. Tun kana ɗan mitsitsi kake laɓewa bayan randa kana kwaikwayon muryata, ja'iri, har Baba ya sha amsa maka yana zaton ni ce. Da bai koya min rubutu don in riƙa sa sunaye a jikin tukwanensa ba, da yanzu sai na nemi wani namiji ya rubuta maka zagin da ke raina, ya rage masa gishiri.

Don na ji haushi, kar in ɓoye maka. Abin da ka roƙa ba ɓaure ba ne da za a zuba a buhu. Kwanaki na yi ina zagaye tsakar gida ina maka faɗa kai ba ka nan. Ni an rufe min baki a ƙofar gidana, ku kuma za ku ɗaura fuskar mace ku yi kukan a tsakiyar birni a tafa muku. Wannan wace irin duniya ce?

Daga baya na yi wani tunani. Ka san al'ada: wanda teku ta ci, sai an tsaya a fili an kira sunansa sau uku kafin kurwarsa ta gane hanyar gida. 'Yan'uwan marigayi mijina sun yi, wai. Suka je bakin ruwa suka yi ƙus-ƙus kamar masu cinikin kayan sata, suka dawo suka ce an gama. Kai ka san Kiniyas. Tun yana yaro ba ya amsa kiran kowa sai nawa. Ubansa ya yi ta kwarmato, yaro yana bakin teku ko waiwaye. Ni in na kira sau ɗaya sai ga shi da gudu. Bai ji su ba, Auta. Na san bai ji ba, domin har yanzu a jiƙe nake mafarkinsa.

Kai kana da muryata. Don haka ga sharaɗina. Zan ba ka waƙar, kai kuma a gaban Atina duka, gunkin allan yana zaune yana kallo, ka kira shi sau uku da muryata. Ba sunan ɗan sarauniyarku na ƙarya ba. Kiniyas. In ba ka yarda ba, ka goge abin da ke ƙasa ka manta ka gani.

Na dafa maka wake, ya huce.
Na sake dafawa, ya huce.
Teku, ke da ba ki taɓa haihuwa ba, me za ki yi da ɗa?
Ko kin san ba ya son gishiri da yawa?

Sauran yana bayan takardar. Kuma kar ka yi ihu. Maza in suna kwaikwayon kukanmu sai su hau ihu kamar an taka musu yatsa. Daga ƙasa ake farawa, kamar mai neman allura da ta faɗi. Ka bar numfashi ya ƙare kafin kalma ta ƙare. Ka ci abinci, ka shafa wa gwiwar man zaitun mai ɗumi.

Daga Mikiyon zuwa ga Hedista. A gaggauce, daga tashar jiragen ruwa.

Yaya, ina lafiya, ina fata kema haka. A tsaye nake rubutun nan, matuƙin yana zagina, wannan ne jirgin ƙarshe kafin sanyi ya rufe teku. Waƙa ta iso. Na rera wa Sotimos, mutumin ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska. Ya jefar da tasa, ya ce taki ko kalma ɗaya ba zai taɓa ba. Mai busa sarewa ya riga ya kama salon. Ɗaya maganar kuma ki bar min, na san yadda zan yi. Sai teku ta buɗe. Ki rufe ƙirjinki da kyau.

Daga Hedista zuwa ga Mikiyon. An fara ta a tsakiyar sanyi.

Auta, gaisuwa. Na san ba jirgi, amma hannuna ya ƙi zama, zan rubuta in ajiye. Lafiya muke. Iska ta ɗage rufin garken awaki, ni da Filista muka mayar.

Ka ce in bar maka, ka san yadda za ka yi. Na karanta layin nan har na haddace. Na gode, ɗan'uwana. Ashe goyon da na yi maka bai tafi a banza ba. Na gaya wa Filista, ita kuma ka san bakinta, yanzu duk matan bakin rijiya sun sani. Akwai waɗanda 'ya'yansu suna jirgi ɗaya da Kiniyas. Jiya wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Hedista, in ya ji ya taho, ki ce masa ya riƙo hannun nawa." Kullum sai na hau tudu na duba ko teku ta kwanta.

Ƙari, ranar da jirgin farko ya iso.

Mikiyon. Ban ce Auta ba, ka lura.

Na sauka tasha da gudu ina neman wasiƙarka, babu. Abin da na samu shi ne wani ma'aikacin jirgi ɗan Atina, yana sauke buhunan sha'ir yana waƙa. Tsayawa na yi cak. Salona ne. Na ce masa, "Ɗana, ina ka samo wannan?" Sai ya fashe da dariya ya ce, "Kai, Iya, ai ba a yi abin dariya irinsa ba a bikin sanyi! A wasan barkwanci ne. Wani ƙato ya fito da fuskar tsohuwa, an cusa masa tsumma a ciki da mazaunai, ɗan aladenta ya faɗa rijiya. Tana tafe tana rangaji: na dafa maka wake, ya huce! Mutane har faɗowa suke daga kan benci." Ya sake rera min, wai ko ban ji da kyau ba.

Ɗan alade, Mikiyon. A gaban matan da suka biyo ni tasha su ji labari mai daɗi.

Kai ne ƙaton? Kar ka yi min ƙarya. In kai ne, ka sani ba ka da yaya a Sikiros. In ba kai ba ne, daga hannun wa ta fita in ba naka ba? Mutum ɗaya na ba. Na cire abu daga cikina na miƙa maka, ka bari karnukan birni suna wasa da shi. Abu ɗaya ya rage da zai sa in sake kallon fuskarka, kuma ka san shi. Ka kira shi.

Daga Mikiyon zuwa ga Hedista. Bayan babban biki.

Yaya, ina gaishe ki, in za ki amsa. Ina fata kina lafiya. Ni jikina lafiya.

Wasiƙarki ta same ni ana gobe biki. Na so in amsa nan take, na rasa ta inda zan fara, na ce bari a gama in rubuta miki duka.

Ba ni ne ƙaton ba, na rantse da kabarin Baba. Daga hannun mai busa sarewarmu ta fita. Ya sha ya yi tatul a wurin 'yan barkwanci, ya busa musu salon ya rera musu kalmomin, su kuwa abin da suke nema ke nan, su sami abin masu wasan kuka su mayar da shi abin dariya. Ina cikin 'yan kallo ranar. Na fita kafin a gama. Na fasa wa mai sarewar baki, amma me hakan ya gyara?

Sai ɗaya maganar. Yaya, ban ce miki na yarda ba. Cewa na yi ki bar min. Ina nufin zan gwada, zan lallaɓa Sotimos. Ke kika karanta alkawari, ni kuma na ji daɗin cewa teku ta rufe ba za ki iya tambayata ba. Na gwada ɗin. Sotimos ya dube ni kamar na tuɓe a kasuwa. Ya ce, "Ka haukace ne? Sunan ɗan gari a wasan barkwanci ake kiransa, a zage shi a yi dariya a watse. Mu matattun dā muke taɓawa, waɗanda ba su da uwa a raye." Na ce suna ɗaya ne fa. Ya ce, "Suna ɗaya daga jiragen bara! Ka manta wa ya ɗauki nauyin wasan nan? Attajirin da ya fi kowa ɗaga murya a majalisa cewa a tura su yaƙi. Ka kira, ka ga in za ka sake taka dandali. Ba kai kaɗai ba, har ni da 'yan amshi." Duk da haka na ce a raina, in na sa fuska, wa zai rufe min baki?

Ranar ta zo. Fili ya cika maƙil har saman tudu. Na fito, rigar sarauniya tana jan ƙasa. Ina cewa "na dafa maka wake" sai dariya ta tashi daga gefe, sun tuna aladen. Sai na tuna abin da kika ce, na sauke murya ƙasa, na bar numfashi ya yanke. Kafin in kai teku ba ka jin komai sai kukan tsuntsu. Wani dattijo a sahun gaba ya ja mayafi ya rufe kansa. Na ƙwato miki waƙarki daga bakin aladen nan, Yaya, wannan kam na yi.

Aka zo wurin kira. Na juya wajen teku, na ja numfashi. Sunan yana kan harshena. Ta ramin idon fuskar na hango attajirin a kujerarsa, hawaye shaɓe-shaɓe, yana jin daɗin kukansa. Na hango 'yan amshi sun zuba min ido, sun sani. Na buɗe baki, na kira ɗan sarauniya. Sau uku, da muryarki.

An ba ni kambi. Maza dubbai suna share hawaye suna cewa kai, Sotimos ya san zuciyar mata. Ko ina na bi sai a ce ga sarauniya. Tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba, ina ta yawo a gari kamar wanda ya yar da wani abu. Tsoro na ji, ba wani dalili. Ki ce min wani abu, ko zagi ne.

Daga Hedista zuwa ga Mikiyon.

Auta, na amsa gaisuwar. Ina lafiya, sai dai murya ta dishe, za ka ji dalili. Kambin ka dafa shi ka sha romon.

Ba sai da wasiƙarka ta zo na sani ba. Ranar biki ta wuce, na kwanta, ya zo min a jiƙe kamar kullum. Na ce to, ƙanena ya yi abin da maza suka saba. Na yi kwanaki ina kai da kawo a tsakar gida, har Filista ta ce, "Ke, kin ishe ni, ƙasar nan za ki huda." Sai na tsaya na tambayi kaina: ni da muryata tana wuyana, me ya kai ni aika ta Atina a saka mata gemu?

Da rana tsaka na fita, lokacin da masunta ke sauke kifi, tasha cike da mutane. Ban lulluɓe kai ba. Na hau dutsen da ake ɗaure jirage na fara, tun daga wake har ƙarshe. Masu ciniki suka yi tsit. Matan rijiya ban san wa ya gaya musu ba, na dai waiwaya na gan su a bayana. Na kira shi.

Kafin in sake jan numfashi ga masu sa ido sun iso, su biyu. Babban ya ce, "Haba Iya, ki rufa mana asiri, sauko ki koma gida." Na ce, "Saura biyu." Na kira. Ya kama gefen rigata, Filista ta buge hannunsa ta ce, "Sake ta, mara kunya, a gabana aka yanke maka cibiya!" Na ce, "Saura ɗaya." Na ukun, Auta, ban san ina da murya haka ba. Sai da tsuntsaye suka tashi daga kan jirage. Ina saukowa tsohuwar nan ta hau ta kira nata. Bayanta wata.

Kana so ka san ko ya ji. Tun ranar ban sake mafarkinsa ba. Ban san ko murna zan yi ba, domin dā ko a jiƙe ne ina ganinsa.

Yanzu ga abin da ya shafe ka. An kai ƙarata, ni kaɗai, don ni na fara. Suna so su hana ni shiga haikali da duk bukukuwan mata. Ka san mace ba ta tsayawa gaban alƙalai, sai waliyyinta ya yi magana a madadinta, kuma tunda mijina da ɗana suka tafi, kai ne waliyyina. Abin da za a yanke shi ne ko abin da na yi kira ne na al'ada, ko kuwa waƙar makoki ce da doka ta hana. Don haka dole alƙalai su ji ta da kunnensu. Ni ba a yarda in buɗe baki ba. Matan da suka ji, ba a karɓar shaidarsu. Masunta sun ce iska ta yi yawa, ba su ji komai ba. Masu sa idon kuwa an ce su maimaita, suka ce su ba za su ɗauki sunan wanda teku ta ci a bakinsu ba. Namiji ɗaya ne a duniya ya san ta daga farko har ƙarshe da muryata, kai ne.

Na tambayi Filista ko in ji tausayinka, ta ce a'a, ni ma haka na gani. A fili ake zaman shari'ar, kusa da tasha, kuma gari kaf zai zo. Za ka tsaya ka faɗi abin da yayarka ta faɗa, yadda ta faɗe shi, har da suna, sau uku. In ka rage ko kalma ɗaya ina nan a bayan taro, zan ji.

Jirgin da ya kawo maka wannan zai juyo da sabon wata. Ka shigo shi. Ka taho da muryar kawai, a nan ba a sa fuska.